Bindiga, Makaranta da Asibiti: Ina Gaskiyar Barkwancin da Ake Yi wa Amurka a Intanet?

Tambaya: Malam, ina yawan cin karo da hotunan barkwanci a Facebook da X masu nuna cewa a Amurka sayen bindiga ya fi ganin likita sauƙi, malaman makaranta na sayen kayan aji da kuɗin aljihunsu, kuma mara lafiya kan gwammace ya hau tasi da a ɗauke shi a motar asibiti. Shin akwai gaskiya a cikin waɗannan maganganu, ko kuwa sharrin masu ƙin Amurka ne kawai?

Amsa: Ɗan'uwa, da yawa daga cikin hotunan da kake gani Amurkawa ne da kansu suka ƙirƙire su, kuma takaici ne ya sa su, domin ruwa ba ya tsami banza. Kusan kowanne daga cikinsu yana tsaye ne a kan wani abu da ya faru ko wata doka da ke aiki. Inda suke yawan kuskure shi ne wajen bayyana dalili, domin suna barin mai kallo da tunanin cewa Amurka ta kwashe kuɗinta ta zuba a makamai har ta rasa na magani da na karatu, alhali matsalar ta fi haka zurfi, kuma tana cikin abin da dokar ƙasar ta amince ta kira haƙƙi da abin da ta bari a hannun kasuwa da jihohi.

Mafi shahara a cikin wannan nau'in barkwanci kanun labari ne na wata jaridar zambo mai suna The Onion, wadda sana'arta ita ce rubuta labaran ƙarya da sigar labaran gaske domin yi wa masu mulki habaici. A watan Mayun 2014, bayan wani harbin kan mai uwa da wabi a Isla Vista da ke jihar Kalifoniya, jaridar ta buga kanun da ma'anarsa ita ce: babu yadda za a yi a hana faruwar wannan, in ji ƙasa ɗaya tilo da abin ke faruwa a cikinta a kai a kai. Tun daga lokacin, idan aka yi wani babban harbi, sai ta sake buga labarin kusan yadda yake, ta canza sunan gari da adadin mamata kawai. A watan Mayun 2022, da wani matashi ya kashe yara 19 da malamai 2 a makarantar firamare ta garin Uvalde a jihar Texas, jaridar ta cika shafinta na farko da dukan bugu 21 da ta taɓa yi na wannan labari. A ganina babu wanda ya kalli shafin nan ya yi dariyar nishaɗi, domin maimaicin da kansa shi ne tuhumar.

Alkaluman da ke bayan wannan tuhuma na gaskiya ne. Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi kusan miliyan 393 a hannun farar hula a Amurka, wato kimanin bindiga 120 ga kowane mutum 100, kuma babu wata ƙasa da ta kusanci wannan. A 2021 mutane 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga bisa lissafin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, kuma tun daga 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota a matsayin abin da ya fi kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19. Akwai kuma abin da masu barkwanci ba su cika ambata ba, kuma ya kamata a ambata: fiye da rabin waɗancan mace-macen na 2021 mutane ne da suka kashe kansu, kuma yawancin kisan kai da ƙaramar bindiga ake yin sa a unguwanni da cikin gidaje, ba da doguwar bindiga irin ta AR-15 da ta fi fitowa a hotuna ba. Harbin makaranta shi ne ya fi girgiza zuciya, amma kaso ne kaɗan na asarar rayukan.

Wataƙila ka ga hoton da aka ajiye alewar cakulan mai siffar ƙwai ta Kinder Surprise kusa da bindiga, aka rubuta cewa ɗaya daga cikinsu an haramta ta domin kare yara. Wannan gaskiya ne. Wata dokar abinci da magunguna ta 1938 ta hana sayar da alewar da aka cusa wa abin da ba a ci a cikinta, kuma wannan ƙwai yana ɗauke da ɗan abin wasa a ciki. Haka nan maganar cewa matashi zai iya sayen doguwar bindiga kafin ya isa sayen giya: dokar tarayya ta yarda dila mai lasisi ya sayar wa ɗan shekara 18 doguwar bindiga, alhali shekarun sayen giya 21 ne a dukan jihohi, kuma maharin Uvalde ya sayi bindigoginsa ne kwanaki kaɗan bayan ya cika 18. Sai dai cewa ana sayen bindiga kamar burodi ya danganta da inda mutum yake. Dila mai lasisi dole ne ya binciki tarihin mai saye ta na'urar hukumar FBI, tsarin da ya fara aiki a 1998, amma dokar tarayya ba ta ɗora wannan wajibi a kan mutumin da ya sayar wa maƙwabcinsa tasa bindigar ba. A Massachusetts da New York sai da izini da dogon bincike, yayin da a Texas, tun daga Satumban 2021, baligi mai shekara 21 na iya yawo da ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba. Amurka jihohi 50 ce, kuma hoton barkwanci ɗaya ba ya iya ɗaukar su duka.

To me ya sa dokar alewa ta yi sauƙi, ta bindiga ta gagara? A nan ne zuciyar amsar take. Gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791 ya ambaci haƙƙin jama'a na mallakar makami da ɗaukarsa. An daɗe ana jayayya a kan ko wannan haƙƙi na kowane mutum ne ko kuwa na rundunonin sa kai na jihohi, har sai a 2008 da Kotun Ƙoli, a shari'ar Heller, ta yanke da rinjayen alƙalai 5 a kan 4 cewa haƙƙin mutum ne a karan kansa. A 2022 kuma, a shari'ar Bruen, kotun ta ƙara da cewa duk dokar da za ta taƙaita bindiga sai ta dace da al'adar dokokin ƙasar ta tarihi. Ka kwatanta wannan da abin da kotun nan ta ce game da ilimi. A 1968 iyayen wata unguwar talakawa a San Antonio, yawancinsu 'yan asalin Meziko, suka kai ƙara cewa makarantun 'ya'yansu na samun kuɗi ƙasa da na unguwannin masu hali, sai a 1973 kotun ta yanke, ita ma da 5 a kan 4, cewa ilimi ba ya cikin haƙƙoƙin da kundin tarayya ya kare. Lafiya kuwa ba a ma ambace ta a kundin ba. Saboda haka mai bindiga yana da ƙofar kotun tarayya da zai ƙwanƙwasa idan an taɓa shi, amma ɗalibin da rufin ajinsu ke yoyo da mai ciwon suga da ya kasa sayen allura ba su da irin wannan ƙofa. Sauya kundin kuma yana buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu da amincewar jihohi 38.

Ko dokar da ba ta saɓa wa kundin ba ma takan maƙale a Majalisar Dattawa. A ranar 14 ga Disamban 2012 aka kashe yara 20 'yan shekara shida da bakwai tare da manya 6 a makarantar Sandy Hook da ke Connecticut. Watanni huɗu bayan haka, sanatoci biyu, Joe Manchin na jam'iyyar Democrat da Pat Toomey na Republican, dukansu masu goyon bayan mallakar bindiga, suka kawo ƙudurin faɗaɗa binciken tarihin mai saye, abin da ƙuri'un jin ra'ayi suka sha nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na jama'a na so. Ƙudurin ya sami ƙuri'a 54 cikin 100, amma ya faɗi, domin ƙa'idar majalisar na buƙatar 60. Kowace jiha kuma sanata biyu gare ta, ko Wyoming ce mai mutane ƙasa da 600,000, ko Kalifoniya mai kusan miliyan 39, don haka jihohin karkara, inda bindiga ke cikin rayuwar yau da kullum, suna da nauyin da ya fi yawan jama'arsu. Ƙungiyar masu bindiga ta NRA, wadda aka kafa a 1871 domin koyar da saiti, ta koma ƙungiyar kamun ƙafa mai zafi tun 1977, kuma ƙarfinta ya fi dogara ga masu zaɓen da ba sa yafe wa ɗan siyasa a kan wannan batu guda. Daga nan ne kalmar nan ta "tunaninmu da addu'o'inmu na tare da ku", wadda 'yan siyasa ke wallafawa bayan kowane hari, ta zama abin ba'a. Masu ba'ar yawanci suna nufin ɗan majalisar da ke da ikon yin doka amma ya tsaya ga ta'aziyya, kuma ya kamata mai karatu Bahaushe, wanda addu'a ke da girma a wurinsa, ya gane wannan bambanci. Suna kuma kwatanta ƙasarsu da Ostireliya, wadda bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996 ta tsaurara dokokinta cikin makonni ta kuma sayi bindigogi kusan 650,000 daga hannun jama'a, da Birtaniya wadda ta haramta ƙananan bindigogi a 1997 bayan kisan yara 16 da malamarsu a Dunblane. Babu ɗaya daga cikin ƙasashen biyu da ke da irin gyara na biyu a dokarta.

Batun lafiya ne wurin da barkwancin ya fi yin daidai wajen kwatanta zafi, kuma ya fi yin kuskure wajen lissafi. Hoton da ke nuna jirgin yaƙi da rubutun cewa ga inda kuɗin asibitinku ya tafi ba ya tsayawa idan aka duba alkaluma. A 2023 Amurka ta kashe kimanin dala tiriliyan 4.9 a kan lafiya, sama da kashi 17 cikin ɗari na dukan abin da tattalin arzikinta ya samar, kuma fiye da dala 14,000 a kan kowane mutum, abin da babu ƙasar da ta kai. Shirin Medicare kaɗai, wanda gwamnati ke kula da tsofaffi da shi, ya ci sama da dala tiriliyan 1 a shekarar, ya zarce abin da aka kashe wa soja. Duk da haka mutane kusan miliyan 26 ba su da inshorar lafiya ko kaɗan a 2023, kuma a shekarar tsawon ran Ba'amurke, shekara 78 da ɗoriya, yana bayan na Bajafane da kusan shekara shida. Kuɗin yana nan, yana tafiya ne ga tsadar magani da aikin asibiti da kuma ɗimbin ma'aikatan da ke tsakanin likita da kamfanin inshora suna jayayya a kan takardar biya.

Wannan tsari ya samo asali ne ba da shiri ba. A lokacin yaƙin duniya na biyu gwamnati ta hana kamfanoni ƙara albashi domin daƙile hauhawar farashi, sai kamfanonin suka koma jawo ma'aikata da inshorar lafiya, kuma dokar haraji ta 1954 ta tabbatar da cewa ba a biyan haraji a kan wannan alheri. Shugaba Harry Truman ya nemi a kafa inshorar ƙasa baki ɗaya a 1945, amma ƙungiyar likitocin Amurka ta yaƙi shirin da sunan gurguzu har ya mutu. A 1965 Lyndon Johnson ya sa hannu a kan Medicare na tsofaffi da Medicaid na marasa galihu, ya kuma miƙa wa Truman katin farko. Dokar Obama ta 2010 ta rage yawan marasa inshora da kusan rabi, amma a 2012 Kotun Ƙoli ta bar wa jihohi zaɓin faɗaɗa Medicaid, kuma manyan jihohi irin su Texas da Florida suka ƙi. Sakamakon shi ne lafiyar Ba'amurke mai shekarun aiki ta rataya ne a wurin aikinsa, ta yadda ranar da aka sallame shi daga aiki, ko ciwo ya hana shi aikin, ita ce ranar da inshorarsa ke shiga haɗari.

Da wannan za ka fahimci sauran hotunan. Maganar tasi ta samo asali ne daga cewa ɗaukar mara lafiya a motar asibiti na iya haura dala 1,000, kuma dokar da ta fara aiki a 2022 domin hana takardun biya na ba-zata ta haɗa da jirgin ɗaukar marasa lafiya amma ta bar motar ƙasa a waje. Maganar cewa shafin neman taimako na GoFundMe shi ne inshorar ƙasar ta fito ne daga yawan iyalan da ke roƙon kuɗin magani a can. Allurar insulin kuwa, wadda waɗanda suka gano ta suka sayar wa Jami'ar Toronto haƙƙin mallakarta a kan dala ɗaya kowannensu a 1923, ta kai kusan dala 300 kwalba ɗaya a Amurka kafin dokar 2022 ta ƙayyade dala 35 a wata ga tsofaffin da ke Medicare. Akwai kuma zolayar da ake yi da shirin talabijin na Breaking Bad, wanda malamin kimiyya mai ciwon daji ya shiga haɗa miyagun ƙwayoyi, inda ake cewa da a Kanada ne da labarin ya ƙare a fitowa ta farko. Abu ɗaya da zan gyara shi ne zaton cewa ana barin mutum ya mutu a ƙofar asibiti: dokar 1986 ta wajabta wa sashen gaggawa ya duba kowa ya kuma ceto ransa ko da ba shi da ko sisi. Abin da ke biyo baya shi ne takardar bashi, kuma dokar ba ta shafi jinyar ciwon daji ko ta ƙoda da ke ɗaukar watanni ba.

Ilimi ma haka yake, sai dai shi a unguwa ya rataya. Gwamnatin tarayya na bayar da kusan kashi ɗaya cikin goma ne kawai na kuɗin makarantun firamare da sakandare, sauran kuma daga jihohi da harajin gidaje da filaye na yankin, don haka unguwar da gidajenta ke da tsada makarantarta ke da ɗakin gwaje-gwaje, kuma jihar New York na kashe wa ɗalibi ɗaya fiye da ninki biyu na abin da Idaho ke kashewa. Cewa malamai na sayen kayan aji da kuɗinsu gaskiya ne har dokar haraji ta san da shi, domin a 2023 ta yarda malami ya cire dala 300 daga abin da za a yi masa haraji a kai saboda wannan. Shi ya sa lokacin da Shugaba Trump ya ba da shawarar a bai wa wasu malamai bindiga bayan kisan mutum 17 a wata makarantar sakandare a Parkland a Fabrairun 2018, malamai suka cika intanet da jerin abubuwan da suka fi buƙata, irin su littattafai da masu ba yara shawara da albashi, kuma a watan ne malaman West Virginia suka shiga yajin aiki a faɗin jihar. A jami'a kuwa bashin karatu ya haura dala tiriliyan 1.6 a wuyan mutane sama da miliyan 40, kuma a 2023 Kotun Ƙoli ta soke shirin Shugaba Biden na yafe wani ɓangare nasa. Duk da haka jami'o'in ƙasar na cikin mafiya inganci a duniya, kuma hoton da ke nuna Ba'amurke a matsayin jahili zagi ne kawai.

Adalci ya sa in ce ɗaya ɓangaren ma yana da hujjarsa, kuma yana da nasa barkwancin. Manomin da ke zaune a inda ɗan sanda zai yi rabin awa kafin ya iso, wanda ya gaji bindigar farauta daga kakansa bai taɓa nuna ta ga mutum ba, yana jin ciwo idan aka haɗa shi da mai kashe yara, kuma kowace ba'a da aka yi masa tana ƙara manna shi ga ɗan siyasar da ya ce ana raina shi. Akwai kuma wata ɗabi'a da ba na so: a yi musu a kan abinci ko lafazi tsakanin Ba'amurke da Bature, sai a jefa masa maganar yaran da aka harbe a makaranta domin a ci nasarar musun. Waɗannan yara suna da iyaye masu rai da ke karanta intanet. Haka nan abin da ya faru a Disamban 2024, lokacin da aka harbe shugaban kamfanin inshora na UnitedHealthcare, Brian Thompson, a titin New York, dubban mutane suka amsa da zolaya da kalmomin da kamfanonin inshora ke ƙin biyan kuɗin magani da su. Fushin da ke ƙarƙashin zolayar na gaske ne kuma yana da dalili, amma wanda aka kashe uban yara biyu ne, kuma bindiga ce ta kashe shi, irin wadda masu zolayar ke kuka da ita.

Ko barkwancin ya taɓa canza wani abu? Dokar bindiga mafi girma da tarayya ta yi cikin kusan shekara 30 ta zo ne a Yunin 2022, wata ɗaya bayan Uvalde, ta tsaurara binciken masu saye 'yan ƙasa da shekara 21, kuma matsin iyaye da ɗalibai ne ya kawo ta. Iyayen Sandy Hook sun kai kamfanin ƙera bindigogi na Remington ƙara har aka biya su dala miliyan 73 a 2022, suka kuma ci nasarar sama da dala biliyan 1 a kan Alex Jones, mai shirin Infowars, wanda ya shafe shekaru yana cewa kisan 'ya'yansu wasan kwaikwayo ne. A Nuwamban 2024, da aka yi gwanjon Infowars domin biyan wannan bashi, wadda aka sanar ta yi nasara ita ce The Onion, kuma wasu daga cikin iyayen sun yarda su sadaukar da wani kaso na diyyarsu domin tayin jaridar ya yi rinjaye. A watan Disamba alƙalin kotun fatara a Houston ya ƙi amincewa da cinikin saboda yadda aka gudanar da gwanjon.